Raɓar Kaka da Ƙanƙarar Aro: Sharhi a kan Hoton Fure a Ƙasar Gabi

Akwai wani hoto da kusan duk wanda ya taɓa shiga ofishin shugaban makaranta, ko ɗakin shan magani, ko shagon tela a ƙasar Maraɗi ya sani, ko da bai taɓa tsayawa ya ƙare masa kallo ba. Hoton fure ne ja, irin wanda ake kira wardi, gefen kowane ganyensa ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gishiri, bayansa kuwa duhu-duhu ne da ɗan hasken rana mai ɓullowa. A da, jikin kalanda yake zuwa, a saman watan Oktoba ko Nuwamba. Yanzu ya koma cikin salula, inda ake rubuta masa «Barka da asuba» ko «Barka da Juma'a» a tura wa ƴan'uwa da abokan arziki. Ya isa Gabi kamar yadda ya isa ko'ina, ya samu wurin zama a bango da cikin aljihu, alhali abin da yake nunawa bai taɓa sauka a gonakin Gabi ba.

Wannan hoto yana da kyau, kuma ba laifi ba ne a so shi. Abin da ya cancanci a tattauna shi ne yawan abin da ya zube daga jikinsa a hanya kafin ya iso, da kuma abin da ya tare wa ido bayan isowarsa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su ne maganar ta fi shafa, domin su ne suke zaɓen hoton da yaro zai buɗe ido ya gani a bangon aji, su ne kuma suke shirya nune-nunen da ke koya wa jama'a abin da ya isa a kalla.

Abin da hoton yake ɗauke da shi a gidansu

Farin abin nan da ke jikin furen ɗan'uwan raɓa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Idan dare ya yi garau, babu gajimare babu iska, ƙasa da ganyaye sukan saki zafin da suka tara da rana. In jikin ganye ya yi sanyin da iskar da ke kewaye da shi ba ta iya riƙe laimarta, sai laimar ta kwanta a kansa ta zama ɗigon ruwa, raɓa ke nan. In kuwa sanyin ya gangara ƙasa da sifili a ma'auni, laimar ba ta tsayawa zama ruwa, kai tsaye take daskarewa ta zama ƴan ƙananan allurai farare. Shi ne Faransawa ke kira gelée blanche, da yawansu kuma su ce givre. Hausa tana da ƙanƙara, tana da raɓa, tana da ɗari da jaura da muku-mukun sanyi, ta kuma ƙirƙiro «dusar ƙanƙara» domin wadda take zubowa daga sama. Wannan ta jikin fure kuwa sai dai a ce mata daskararriyar raɓa, domin harshe ba ya raɗa wa abin da bai taɓa gani ba suna. A Nijar sai an haura tsaunukan Ayir, ko an nausa Kawar wajen Bilma, kafin a tarar da daren da sanyinsa ke kaiwa sifili. A Maraɗi, ko a tsakiyar Janairu, ma'aunin asuba yawanci sama da 10 yake tsayawa.

Ga mai lambu a Faransa ko Jamus, wannan farin abu sanarwar mutuwa ce. Ruwan da ke cikin ganye ya daskare ya farfasa shi ta ciki. Da rana ta ɗaga, furanni masu taushi za su langaɓe su yi baƙi, shekarar lambu ta ƙare ke nan. Saboda haka mai kallon can yana ganin abu biyu a lokaci guda, kyau da ajali, ya kuma san cewa mai hoton ya yi sammako cikin sanyi ya cim ma abin da ba zai kai hantsi ba. Daga nan ƙarfin hoton yake fitowa. Da ya ƙetaro hamada sai wannan sani ya tsaya can, ya iso da jan launi da farin baki kawai, har ya zama abin yi wa mutum fatan alheri da safe. Mai lambun can zai yi mamaki in ya ji cewa da hoton ranar asararsa ake gaida mutane.

Waɗanda suka aza harsashin irin wannan ɗaukar hoto ba masu neman ado ba ne tun farko. Wilson Bentley manomi ne a wani ƙauye mai suna Jericho a jihar Vermont ta Amurka. A watan Janairu na 1885, yana ɗan shekara goma sha tara, ya haɗa kyamara da madubin ƙara girman abu ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara guda ɗaya. Ya ci gaba da wannan aiki har rasuwarsa a 1931, ya bar hotuna fiye da 5,000, kuma littafinsa Snow Crystals, wanda ya fito a shekarar da ya rasu, ya haɗa har da hotunan raɓa da daskararriyar raɓa. Duk a ƙauyensu ya yi aikin, galibi a rumfar bayan gida. Bai tsira daga suka ba: wani masanin yanayi na Jamus, Gustav Hellmann, ya zarge shi da gyara hotunansa har suka fi abin da ido ke gani daidaito, kuma gaskiya ne Bentley yakan kankare kewayen ƙwayar domin ta fito fes a kan baƙi. Gardamar nan ta gyaran hoto tana nan da ranta, sai ma ƙaruwa da ta yi tun da kowace salula ta zo da abin ƙara launi.

Na biyun shi ne Karl Blossfeldt, malamin koyar da zane da ƙira a Balin. Da kyamarar da ya harhaɗa da hannunsa yake ɗaukar toho da ƙaya da kwanson iri, yana ƙara musu girma har kusan sau 30, domin ɗalibansa su ga yadda tsiro yake gina kansa. Sai a 1928, yana da shekara sittin da uku, aka tattara 120 daga cikinsu a littafin Urformen der Kunst, duniya ta ce ta ga fasaha. Kayan koyarwa ne na aji kafin su zama kayan baje koli, kuma yawancin tsirran ciyayin bakin hanya ne da kowa ke takawa. Malamin makarantar Gabi ya fi kusa da wannan mutum fiye da yadda yake zato.

Kaka da automne

Kuskure na farko a fassara yake. An saba, a ƙamus da a aji, a ce automne shi ne kaka, saboda watanninsu sun yi kusan haɗuwa. Amma automne lokacin ja da baya ne: rana tana gajarta, ganye yana zuba, mutane suna shigewa ɗaka. Kaka kuwa lokacin fitowa ne. Gero ya shiga rumbu, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, bashi yana biyuwa, ana ɗaura aure, ƴan kokowa da ƴan dambe suna zaga garuruwa. Ga kuma zafi, domin watan Oktoba a Maraɗi yakan dawo da wani zafin bayan ɗaukewar ruwa, kafin hunturu ya kawo jiki. Gawo ma, wanda ya yi damana tsirara, a daidai wannan lokaci yake fitar da ganye da fure, wato yana yin kishiyar abin da itatuwan littafin karatu suke yi. Yaron da aka koya wa lokuta huɗu na Turai da hotunansu, ya haddace ya ci jarrabawa, yakan fita daga aji bai san cewa damana da kaka da ɗari da rani da bazara su ma darasi ba ne.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Sai dai sauya harshen rubutun da ke ƙarƙashin hoto ba ya sauya hoton. In aka ɗauki furen nan mai farin baki aka rubuta «safiyar kaka» a ƙasansa, an yi wa yaro ƙarya da harshen uwarsa, wadda ta fi ta Faransanci saurin shiga. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Fure a idon masu hoto

A 1993 masanin halayyar al'umma Jack Goody, wanda ya yi shekaru yana bincike a arewacin Gana, ya fitar da littafi mai suna The Culture of Flowers. Ya buɗe shi da tambayar dalilin da ya sa fure bai samu a Afirka ta kudu da Sahara matsayin da ya samu a Sin da Indiya da Turai ba, inda ake nomansa domin kallo, a kai shi wurin ibada da maƙabarta, a cika waƙa da shi. Bahaushe zai iya amsa masa cewa ya faɗi rabin gaskiya. Lalle ba a san Bahaushen ƙauye da kai wa budurwa damin fure ba; turare da goro da lalle ne suke wannan aiki. Adon gargajiya ma, daga aska takwas ta babbar riga zuwa dagi da zanen bangon Birnin Damagaram da sassaƙar ƙwarya, ya fi karkata ga layi da kusurwa da ƙulli. Furen da ya cika ɗakin amarya baƙo ne, a jikin kwanonin jere da darduma da zanen gado ya shigo daga masana'antun ƙetare.

Ɗaya rabin shi ne Bahaushe ya san fure, ko hure kamar yadda bakin Katsinawan Maraɗi ke faɗa, sanin da ya wuce na kallo. Manomi yana da kalma ta musamman, bununi, domin furen gero da dawa, kuma daga ganinsa yake lissafin kwanakin da suka rage. Mata sun san furen zogale a kwaɗo, sun san zoɓo, wanda shi ne kofin da ke riƙe furen yakuwa. Mai zuma ya san itacen da ƙudansa ke bi a kowane wata. Tun 1916 likita J. M. Dalziel ya cika littafi guda, A Hausa Botanical Vocabulary, da sunayen tsirrai na Hausa, inda sau da yawa itace guda ke da suna dabam domin furensa, dabam domin ɗansa. Ilimin yana nan, a baki da hannu. Hoto ne bai bi shi ba.

Dalili kuwa a tarihin sana'ar yake. Hoto ya shigo Afirka ta Yamma a matsayin sana'ar fuska: katin shaida, ranar salla, aure, suna. Manyan da duniya ta sani duk masu hoton mutane ne. Seydou Keïta na Bamako ya ajiye agogo da rediyo da babur a shagonsa domin masu zuwa su riƙa, kuma ɗaya daga cikin hotunansa da suka fi shahara na wani saurayi ne sanye da fararen kaya da tabarau, yana riƙe da fure a hannu. Furen nan kayan shago ne, matsayinsa ɗaya da alƙalamin da ke aljihun saurayin, alama ce ta wayewa. Malick Sidibé, wanda ya karɓi babbar lambar baje kolin Banis a 2007, samarin Bamako da raye-rayensu ya bi. A Yamai, Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya adana daren birnin na shekarun 1960 da 1970. Babu mai zarginsu; fim yana da tsada a lokacin, kuma furen kuɓewa ba ya biyan kuɗin wanki. Amma yau da hoto ya zama kyauta a hannun kowa, ɗabi'ar ba ta sauya ba: a ɗauki fuska a gida, a aro fure daga waje.

Abin ya fi ba da mamaki in aka tuna cewa wannan shi ne fannin hoton da malaman addini ba su yi saɓani a kansa ba. Ruwayar da ke cikin Buhari da Muslim ta nuna Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Ƙofar da aka bari a buɗe ita ce aka fi ƙaurace wa.

Daga waje kuma, iri biyu ne hotunan da suka fi yawo da sunan wannan yanki. Na farko na 2005 ne, lokacin matsalar abinci, sa'ad da gidajen talabijin na duniya suka cika da fuskokin yara masu tamowa a cibiyoyin Maraɗi. Na biyu daga sama aka ɗauke su, da jirgi da tauraron ɗan'adam, domin nuna yadda sassaben zamani, wato barin kututture ya sake toho a gona, wanda Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka soma yaɗawa daga 1983, ya mayar da itatuwa a fili mai faɗin kusan eka miliyan biyar ta ma'aunin hekta. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Amma ɗaya ya matso har ya ga ƙashin haƙarƙari, ɗaya ya yi nisa har itace ya zama ɗigon tawada, kuma a cikinsu babu wanda ya durƙusa a gindin wake da asuba.

Safiyar Gabi

Gabi tana kudu da Maraɗi, a gundumar Madarunfa, dab da iyakar Najeriya, a yankin da ya fi yawancin ƙasar samun ruwan sama. Gulbin Gabi yana gangarawa ya zuba a tabkin Madarunfa, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, kuma tun 2006 Nijar ta gabatar da shi ga UNESCO tare da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. Ga kuma dajin Baban Rafi a kusa. Fadama da tabki da daji su ne ke riƙe laima bayan ruwa ya ɗauke, laima kuwa ita ce uwar raɓa.

Lokacin raɓa gajere ne. Daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba, sama ta washe amma iska ba ta bushe ba tukuna, sai dare ya riƙa sauke raɓa mai nauyi, irin wadda ke jiƙa wandon mai zuwa gona har gwiwa, wadda manoma ke cewa ita ke ƙarasa wake. Da iskar arewa maso gabas ta kankama, laima takan faɗi ƙasa warwas, raɓa ta janye zuwa bakin ruwa, daga baya ta ɓace. Makonni kaɗan ne a shekara. A cikin yini ma ɗan lokaci ne: rana tana fitowa wajen ƙarfe shida da rabi, kuma da yake Gabi tana kusan daraja 13 ne kawai arewa da tsakiyar duniya, rana a miƙe take hawa, ba a kishingiɗe ba kamar a Turai. Mai hoton Faransa yana iya samun sa'a guda ko fiye ta haske mai laushi. Na Gabi in ya samu rabin sa'a ya gode. Ta wannan fuska aikinsa ya fi na wancan wuya, kuma ya fi shi bukatar sanin wuri tun kafin ranar.

Furannin da zai tarar ma na sammako ne. Furen wake da asuba yake buɗewa, fari ko ruwan shuni-shuni, kafin azahar ya rufe. Na kabewa, babba ruwan ɗorawa, haka yake. Na kuɓewa da na yakuwa ƴan gida ɗaya ne, fatsi-fatsi da jan ciki mai duhu, kuma kwana guda suke yi a duniya. Na auduga yakan fito fari-fari yau, gobe ya koma ja-ja ya faɗi. Duman kada yana shimfiɗe a bakin gulbi da ƙahonninsa masu launin shuɗi da ja a gauraye. A kan ruwa kuma ga farin bado, wanda cikin dare yake buɗewa ya rufe da hantsi, wanda kuma tsofaffi suka san saiwarsa da ƙwayarsa a matsayin abincin shekarar yunwa. Duk gajeren rai da ake yaba wa furen Turai da shi yana nan a bayan gida, har da ƙari.

Ta fuskar aiki, abin da masu daskararriyar raɓa suka gano yana amfani a nan. Raɓa ba ta fitowa in rana tana bayan mai hoto. Sai ya fuskanci gabas, hasken ya ratso ta cikin ɗigon, sannan kowane ɗigo ya kama wuta. Sai ya sauko daidai tsayin furen, ya nemi bayan da ya yi duhu, kamar inuwar rumbu ko gindin itace, ya jira iska ta kwanta. Salula ba ta iya tsayar da ganinta a kan abin da ya matso ƙwarai, don haka gara a ɗan ja baya a samu hoto mai kaifi da a matsa a samu dishi-dishi. Waɗannan ƙa'idoji ne da ake koya cikin safiya biyu.

Abin da ba ya koyuwa da sauri shi ne barin kwaikwayo. Mai sha'awar da ya tashi da hoton kalanda a kansa yakan nufi furen da aka shuka a harabar ofis ko otal, ya yayyafa masa ruwa da hannu, ya ƙara masa ja da abin gyaran launi har ya zama kamar na roba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima: ruwan yayyafi manyan ɗigo yake yi a warwatse, raɓa kuwa ƙanana ne a jere, suna bin gashin ganye da jijiyarsa. Wani kuma yakan jira hazo, ko buda, ya ɗauki ganyen da ƙura ta yi wa fari ya ce ga irin ta nan ƙasar. Kamar kuwa akwai, amma ta tsaya a launi. Ƙurar nan, wadda mai yawanta daga kwarin Bodele na Cadi iska ke kwaso ta, ba ta narkewa da hantsi. Tana nan a kan ganye har ruwan farko. Tana da nata labarin, na tari da tsagewar leɓe da rana mai kama da farin faranti, kuma hazo yana ba da haske mai laushi da babu irinsa, wanda ya dace da jan furen gurjiya da na kariya a kan rassa marasa ganye. Wanda ya ɗauke ta domin ta yi kama da ƙanƙara ya zubar da wannan duka.

Ƙuduji

Za a iya cewa, kuma an sha faɗa, wai ina amfanin hoton fure a ƙasar da rumbu ba ya kai wa damana, inda kuma matsalar ƴan bindiga ta shekarun nan ta sa shiga dajin Baban Rafi da asuba ya zama kasada. Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta tana cikin gonar gero.

Duk cikin furannin kaka babu wanda ya kai ƙuduji ɗaukar ido. Wajen ƙarshen damana yakan rufe gona da launi tsakanin ja da shuɗi, tsaye cak a kan siraran karare, in raɓa ta sauka masa kuma rana ta ratso shi, ba ya jin kunyar tsayawa kusa da kowane wardi. Baƙon da bai sani ba zai tsaya ya ɗauka, ya aika gida ya ce Sahel ta yi fure. Manomi kuwa gabansa ne ke faɗuwa. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, masana kuma Striga, a jikin saiwar gero da dawa yake maƙalewa ya tsotse su tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin ya ɓullo ya riga ya yi ɓarnarsa. Tushe guda yana zubar da dubban ƙwayoyin iri masu kama da ƙura, waɗanda ke iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ya fi son gonar da ta gaji, saboda haka yawansa shaida ne a kan talaucin ƙasa da na mai ita.

A nan ne Gabi take da abin da ya yi daidai da furen nan na kalanda, daidai ta wajen ma'ana: kyau da asara a jiki guda, waɗanda sai ɗan ƙasa ne ke ganinsu tare. Kuma a nan ake gane mai hoton kirki. Wanda ya cika hotonsa da furen kaɗai, ya narkar da bayansa ya zama kore mai daɗi, ya yi wa ƙuduji abin da kalanda ta yi wa wardi. Wanda ya bar tsumburarren geron a cikin hoton, da ganyensa da ya ƙone da zangarniyar da ba ta cika ba, ko hannun da ke tuge ciyawar kafin ta zubar da iri, ya ba mai kallo na Yamai ko na Faris abin da zai gane ba tare da dogon bayani ba. Ka'idar da ake koyarwa ta ware fure daga abin da ke kewaye da shi ba ta da amfani a wannan gona.

Haka rubutun da ke ƙarƙashin hoto yake da muhimmanci fiye da yadda masu shirya nuni ke ɗauka. Take irin su «Kyawun halitta» ko «Murmushin safiya» ba ya ƙara komai. Bentley yana rubuta rana da yanayin iska da ma'aunin sanyi na hotunansa, shi ya sa masana yanayi suka amfana da su. Hoton Gabi yana bukatar sunan tsiron da Hausa, da Fulatanci in an samu, da sunan wurin, da wata, da sa'a, da abin da ake yi da shi ko ake tsoro daga gare shi. Aji guda da salula guda, in suka bi gona ɗaya daga Satumba zuwa Janairu, za su fitar da kalandar da ta fi ta kanti gaskiya, kuma masu binciken tsirrai na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da na cibiyar binciken noma ta Tarna ba za su raina ta ba. Sunayen kuwa a bakin tsofaffin mata da makiyaya da masu magani suke, waɗanda ba kasafai ake gayyatarsu makaranta ba.

Shafin ƙarshe na irin wannan kalanda na gawo ne. A watannin Nuwamba da Disamba, lokacin da raɓa ta ɗauke, gonaki suka koma kara da ƙura, shi yake tsaye kore shar da furanninsa fatsi-fatsi masu kama da ƴan ƙananan zangarnu, ƙudan zuma na kai da kawowa a kansu. Yana da wuyar ɗauka, domin furen yana can sama kuma launinsa yana ɓacewa cikin farin hazo. Sai an nemi ƙaramin itace irin wanda sassaben zamani ya raya, a tsaya ta inda duhun ganyen zai zama bayansa. Bayan wata biyu ko uku furen ya zama kwanso ja-ja mai lanƙwasa, yara na tsinta suna kai wa tumaki, wani ma har kasuwa.